Faya-fayan Shata a Ƙarƙashin Gado

Mai karatu, wannan watan ba fim zan yi wa sharhi ba. Ran Juma'ar kasuwar Wudil na leƙa gidan wani kawuna kusa da gada, ya jawo min wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Faya-fayan garmaho ne cike: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, da waƙoƙin Indiya na Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Gara ta cinye kwalayen, wasu faya-fayan sun lanƙwashe kamar faifan tuwo.

Ka san yanayin garinmu. Da bazara zafi na kai digiri 40, ɗaki kuma rufin kwano. Faifan roba, mai gudun 33 ko 45, in an jibge shi kwance a wannan zafin dole ya karkace. A tsaye ake jera shi kamar littattafai, nesa da taga. Da damina ga danshin kogi mai sa fumfuna, da hunturu ga ƙura tana shiga layukan da allura ke bi. Wannan ƙas-ƙas ɗin da mutanenmu ke cewa "ai daɗin garmaho ke nan", yawancinsa datti ne kawai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen allura. Tsohon faifai mai gudun 78 da wani irin ƙaro aka yi shi, yana da nauyi, in ya faɗi sai ya fashe. Shi ne na garmaho mai wani, kuma allurarsa ta ƙarfe ana sauya ta bayan kowane gefe. Kawu kuwa allura ɗaya yake ta ɗora wa har na roba, ita kuma ta yi ta kankare muryar. Kada ka kusanta 78 da sifirit, narkar da shi yake. Ƙyalle mai laushi ya isa, ka kuma riƙe shi ta baki, ban da yatsa a tsakiya.

Mun samu guda na Shata mai lafiya, muka saurara. Kalangun ya fito cik, 'yan amshi kamar suna tsakar gidan. Wanda ke yawo a wayoyi, da aka kwafo daga kaset zuwa kaset, ko kusa bai kama ƙafarsa ba.

Shata ya rasu 1999, Ɗan Maraya 2015, ba mai sake rera mana. Ku kuma 'yan fim, ina kaset ɗin asali na Turmin Danya na 1990 yake yau? Ina na Sangaya? Ni dai na roƙi Kawu, ya yarda mu mayar da adakar ɗakin soro, mu ɗinka wa faya-fayan sabbin riguna na takarda.