Makin Zinariya Ba Wauta Ba Ne

Masu sukar tsohon tsarin wasan Dungeons & Dragons sun daɗe suna yi wa wata ƙa'ida dariya: wai ta yaya kinkimo buhun zinariya daga kogo zai ƙara wa mayaƙi iya sara da takobi? Tambayar akwai daɗin ji, sai dai ta saki reshe ta kama ganye. Dave Arneson ne ya fara gwada makin gogewa da hawa mataki a wasansa na Blackmoor a Minnesota, farkon shekarun 1970. Da shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, aka daidaita tsabar zinariya ɗaya da maki ɗaya. Bugun 1989 ya mayar da ƙa'idar ganin dama, na 2000 kuwa ya jingine ta, ya ɗora makin a kan dodannin da aka ci galaba a kansu.

A duba lissafin da ke cikin littafin da Tom Moldvay ya shirya a 1981. Mayaƙi na buƙatar maki 2,000 kafin ya taka mataki na biyu, alhali dodon da ake kira orc maki 10 kacal yake bayarwa. Ke nan sai ya kashe guda 200 shi kaɗai, ga shi ƙwayar da ake jefawa a auna ƙarfin ransa fuska 8 gare ta, sara biyu na iya kai shi kushewa. Wanda ya yi wannan lissafin sau ɗaya ba ya sake zare takobi da garaje. Ga kuma nauyi: mutum ba ya ɗaukar abin da ya wuce tsaba 1,600, idan ya cika kaya kuma tafiyar hawainiya zai yi, wutar itacen da ke hannunsa tana ci, awa guda ta mutu. Yana jan ƙafa mai gudanar da wasa na jefa ƙwaya ya ga ko wani dodo mai yawo ya ji motsi, irin dodon nan kuwa da wuya a samu ko sisi a jikinsa. Sai ka ji tebur ya kaure da shawara: a jefa wa dodo nama a sulale ta bayansa? A ba mai gadi toshiyar baki? A sayi alfadari? Wa zai zubar da sulkensa ya ɗauki buhu? Ƙa'idar ce ta haifi wannan dabarar, ba tare da ta ce wa kowa ya yi wayo ba.

Za a ce tsarin wasan RuneQuest na 1978 ya fi kama hankali, tun da fasahar da ka yi amfani da ita ce take ƙaruwa. Haka ne, amma shi ma ya samar da ɗan wasan da ke canza makami a tsakiyar faɗa don kowanne ya samu alamar ƙari. Masu cewa makin zinariya na koyar da haɗama kuwa, su faɗa mana abin da makin kisa yake koyarwa.

Wanda ya fi damuna shi ne salon da ya yi kasuwa tun bugun Dungeons & Dragons na 2014, inda mai gudanarwa ke ɗaga kowa mataki idan labari ya kai wani zango. Ya rage wahalar lissafi, ba musu. Amma zangon nan mai gudanarwa ne ya kafa shi, don haka 'yan wasa sai su koma karantar fuskarsa suna neman hanyar da ya riga ya shata. A tsohon tsari su ke zaɓen kogon da za su shiga, da zurfin da za su nutsa, da lokacin da za su ce ya isa haka, a juya gida. Duk mai gudanarwar da ke kukan 'yan wasansa ba sa tunani sai sara da suka, ya fara duba abin da yake ba su maki a kai.