VPN Ba Laya Ba Ce: Sharhi Kan Yadda Ma'aikata Ke Shiga Manhajojin Kamfani Daga Nesa

Yawancinmu mun fara jin sunan VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter har zuwa Janairun 2022. Tun daga nan mutane suka ɗauka duk wanda ya kunna VPN ya shiga sulke. To, mai karatu, wannan fahimtar tana da gyara, musamman a wajen aiki.

Ɗauki wakilin banki ko ma'aikacin kamfanin sayen shinkafa da ke Malam Madori, manhajar da yake aiki da ita kuma tana kan kwamfutocin kamfani a Kano ko Legas. VPN na kamfani yana haƙa masa wani rami ne a cikin intanet, ya lulluɓe bayanan da ke wucewa ta yadda na hanya ba zai iya karantawa ba. Wannan aikin yana yin sa da kyau. Matsalar tana bakin ƙofa. Tsohon tsarin kamar zaure yake: an tambaye ka sau ɗaya, ka ba da kalmar sirri, shi ke nan ka faɗa tsakar gida, ɗakuna duk a buɗe.

Abin da ya sami kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ke nan a watan Mayun 2021. Masu kutse sun shiga ta wani tsohon asusun VPN da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma kalmar sirri kaɗai ke gadinsa. Aka tsayar da bututun mai na kwanaki, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Ka ga lulluɓin bai yage ba, mabuɗi aka tsinta.

Maganin da ake tallatawa yanzu shi ne tsarin “kada ka yarda da kowa”. John Kindervag ya yayata shi a 2010, Google ta bayyana nata mai suna BeyondCorp a 2014, hukumar NIST ta Amurka ta fitar da kundinsa a 2020. A nan kowane ɗaki da kwaɗonsa. Duk lokacin da ka nemi wata manhaja sai an duba ko wane ne kai, da wace na'ura ka zo, kuma ko aikinka ya shafi abin da kake nema. Ɓarawon da ya saci mabuɗin ɗaki ɗaya bai samu gidan duka ba. A ganina tunanin daidai ne, kuma ya fi zauren nan nesa ba kusa ba.

Sai dai ga inda nake da ja. Tsarin ya ginu a kan zato uku: kamfani ne ya ba ka na'ura, kai kaɗai ke taɓa ta, sabis kuma ba ya yankewa. Gwada wannan a fadamar Hadejia da damina. Wayar ta ma'aikacin ce ta kansa, ƙaninsa na kallon bidiyo a kanta, da rana tana shagon mai caji. Lambar tantancewa ta saƙon tes takan iso bayan wa'adinta ya wuce, manomi kuma yana tsaye da buhunansa yana jiran kuɗi. Me kake zato zai biyo baya? Ma'aikata za su fara aron kalmar sirrin juna, ko a koma tura takardu ta WhatsApp. Tsaron da ya hana aiki, ma'aikata da kansu suke haura masa katanga.

Kuma matakin tantancewa na biyu ba duka ne ɗaya ba. NIST ta sanya lambar tes cikin hanyoyin da sai da hattara tun 2017, don ana iya sace layi. A 2022 mai kutse ya shiga Uber ta hanyar damun wani ɗan kwangila da saƙon neman amincewa har ya gaji ya danna. Manhajar da ke samar da lamba duk bayan daƙiƙa 30 kuwa ba ta buƙatar sabis, da agogon waya take aiki, don haka ta fi dacewa da karkara. Ƙaramin mabuɗin da ake soka wa kwamfuta ya fi ta ƙarfi: Google ta ce a 2018 tun da ta wajabta shi ga ma'aikatanta sama da 85,000 ba a yaudari ko ɗaya an ƙwace asusunsa ba.

Idan kana da ta cewa a wurin aikinku, yi tambaya uku. Wa ke rufe asusun wanda ya bar aiki, kuma a rana ta nawa? Kowa iya abin da ya shafe shi yake gani? An gwada tsarin a inda sabis ke rawa, ko a ofis kawai? Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Bayanan da ke ciki kuwa, lambar BVN da asusun manomin nan ne.