Bolt biyu ko huɗu: lambar da ake sayar mana a jikin kwalin rediyon mota

Wani sabon yayi ya shigo wa masu son sauti a mota. A da, in mutum ya je sayen rediyo, wat yake tambaya, mai shago ya nuna masa "50W x 4" a jikin kwali, ya biya ya kama gabansa. Da ido ya fara buɗewa, aka gane cewa hamsin ɗin nan ta baka ce, domin abin da irin waɗannan rediyoyi ke iya bai wa kowace sifika a ɗore bai cika wuce wat 14 zuwa 22 ba, sai aka koma wa wata lambar. Yanzu tambayar ita ce, "Oga, bolt nawa ne?" In aka ce biyu, a taɓe baki. In aka ce huɗu ko biyar, a laluba aljihu.

Ni dai a ganina lambar nan tana da amfani, amma ba amfanin da ake jingina mata ba, kuma ba ga kowa ba.

Juya rediyon ka dubi bayansa. Za ka ga 'yan kafofi ja da fari da ake kira RCA. Sautin da ke fita ta nan ba shi da ƙarfin motsa sifika; amfulifaya ake kai wa shi, ita ce za ta ba shi ƙarfi. To, 2V ko 4V ɗin da ke jikin kwali, awon wannan saƙon ne kawai. Ke nan duk wanda sifikunsa ke haɗe da rediyo kai tsaye, ba amfulifaya a but ko a ƙarƙashin kujera, kafofin nan a banza suke zaune suna shan ƙura. Ya ƙara kuɗi saboda bolt huɗu, bai kuma taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka akasarin motocin da ke kan titunanmu suke, don haka ga yawancin masu saye magana ta ƙare a nan.

Saura masu amfulifaya da wufa, inda gardamar take. Abin da aka fi ji shi ne bolt huɗu ya ninka biyu, saboda haka sauti zai ninka. Ba haka ba ne. Amfulifaya mai wat 500, wat 500 ce iyakarta, ko da wane rediyo ka haɗa ta. A jikinta akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa GAIN ko LEVEL, wanda yaran shago da yawa ke ɗauka maɓallin ƙara murya ne. Aikinsa shi ne daidaita amfulifaya da ƙarfin saƙon da ke shigo mata, shi ya sa za ka ga lambobi zagaye da shi, galibi daga 0.2V zuwa 5V ko 6V. Rediyo mai bolt biyu, a ɗan buɗe maɓallin. Mai bolt huɗu, a rage shi. Dukansu biyu za su kai amfulifaya ƙarshen ƙarfinta, ba wanda zai wuce da ita nan.

To ina amfanin yake? A wajen kashe hayaniya. Wayar RCA tana tasowa daga gaban mota har but, wajen mita biyar, ta ratsa kusa da wayoyin wuta, ga altaneta tana aikinta, ga famfon mai, ga fankar iyakwandishan. A hanya tana kwasar ƙazantar lantarki, ita kuwa amfulifaya ba ta san kiɗa ba, ba ta san datti ba, duk abin da aka miƙo mata ƙara masa ƙarfi take yi. Kamar mutum ne yake maka magana daga tsallaken titi: in ƙasa-ƙasa yake yi, dole ka kasa kunne sosai, ka ji shi tare da hon da ƙugin babura, in ya ɗaga murya, ba sai ka wahala ba. Saƙo mai bolt huɗu yana ba ka damar rage GAIN, datti ya ragu tare da shi. A lissafi, tazarar da ke tsakanin bolt biyu da huɗu desibel 6 ce. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya zuba kuɗi a sifiku masu kyau, yake kuma sauraro a tsaye, inji a kashe, gilashi a rufe. Amma a kan hanya, da ƙarar taya da iska, ban ga kunnen da zai rantse ya bambance su ba in an haɗa kayan da kyau.

Kada a raina bolt biyu. Shi ne abin da na'urar CD ta gida ta daɗe tana fitarwa, ba wanda ya ce sautinta ya gaza. An taɓa yin tseren lambobi har kamfanin Eclipse ya fitar da rediyoyi masu bolt takwas, amma yau Pioneer da Alpine da Kenwood da Sony duk tsakanin biyu zuwa biyar suke yawo.

Akwai kuma abin da kwali ba ya faɗa. Lambar nan ana auna ta ne da wani sautin gwaji na musamman, murya a ƙure. A sauraro na yau da kullum, murya a tsakiya, abin da ke fita ko kusa da lambar bai kai ba. Sannan bolt huɗu na gaskiya yana bukatar saƙon ya yi lilo na kimanin bolt 11.3 daga sama zuwa ƙasa, biyar kuwa ya haura 14, alhali batirin mota 12 ne, in inji na aiki ya ɗan haura 14. Shi ya sa manyan kamfanoni kan sa wani sashe a ciki mai ɗaga wuta kafin su yi alkawarin irin wannan lamba, kuma sashen kuɗi ne. In ka ga allon Android marar suna, mai arha, an buga masa 5V da manyan baƙaƙe, ka tambayi kanka wa ya auna. Tawada ba ta da tsada.

Na yarda cewa sau da yawa rediyo mai bolt huɗu ya fi daɗin ji. Amma dalili shi ne a cikin manyan samfura ake sa shi, inda komai nasa ya fi inganci. Lambar alama ce ta ajin kayan, ba ita ce ta kawo daɗin ba. Har ma tana iya zama matsala: ka haɗa mai bolt biyar da tsohuwar amfulifaya da ba ta karɓar sama da biyu, kana ɗan murɗa murya sauti ya fara fashewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗora wa bolt laifin aikin ganganci. Mutum ya zo da kukan da kowa ya sani, wani siririn fito da ke tashi in an taka totur, ya sauka in an ɗaga ƙafa, sai mai wayarin ya ce, "Alhaji, rediyon nan ne ba shi da bolt, a canja shi." Buɗe but ka gani. Wayar at, wadda ke haɗa amfulifaya da ƙarfen mota, doguwa zololo, an ɗaura ta a kan kusar da fenti ya rufe, ko an naɗa ta kawai an liƙe da salatif. Wayar RCA da babbar wayar wuta an ɗaure su wuri ɗaya tun daga gaba har baya. GAIN kuwa an murɗe shi har ƙarshe don mai mota ya ji wufa tana girgiza gilashi ya yi murmushi ya biya. Irin wannan fito daga mummunan at yake zuwa galibi, bolt huɗu zai ɗan lulluɓe shi ne kawai. Maganinsa gajeriyar waya mai kauri, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure tamau, a bi da wayar sauti ta gefe ɗaya na mota, ta wuta ta ɗaya gefen.

Saita GAIN ma ba sai da kunne da zato ba, mitar da ke hannun kowane mai wayarin ta isa. A ninka wat da om na wufa, a ɗauki tushen lambar: wat 500 a om 2 ya ba da 1,000, tushensa wajen bolt 31.6. A cire wayar wufa, a sa sautin gwaji na 50Hz, a kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, a riƙa buɗe maɓallin a hankali har mita ta nuna lambar, a tsaya. Wanda ya wuce nan yana gasa koyil ɗin wufarsa ne, ko rediyonsa bolt nawa ne.

In za ka saya, fara ƙirga kafofin: jeri uku, na gaba da na baya da na wufa, sun fi maka jeri ɗaya mai babbar lamba. Duba ko za ka iya rage wufa ita kaɗai daga gaba. In rediyo biyu sun yi daidai a komai, kuɗinsu kusan ɗaya, kana kuma da amfulifaya, ɗauki mai bolt huɗu. In bambancin kuɗin da yawa, ɗauki mai biyu, ragowar ka sayi waya mai kyau ka biya mai wayarin da ya san amfani da mita.