Kayan ɗakin da ba ya kai yaye

Duk wanda ya taɓa taya wata tashi daga gidan haya ya san yadda sif ɗin zamani ke ƙarewa. Ana ɗaga shi sai a ga ƙasansa ya kumbura saboda ruwan goge ɗaki, ƙusoshi na zarewa da garin katako a jikinsu, ƙofa ta rataye a gefe guda. Wannan fa kayan da uba ya ci bashi ya yi wa 'yarsa ne, ga shi ko ɗan fari ba a yaye ba.

Yawancinsu MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam, aka matse, aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ba ya shiri da danshi, kuma in ƙusa ta fita ba ta sake kamawa. Ban cika ganin laifin kafinta ba, abin da aka biya shi yake yi. Masu zuwa ganin ɗaki ai ba sa ƙwanƙwasa katako, ƙirga suke yi: saiti nawa aka zuba mata, na yayi ne ko ya wuce?

Abin da ya fi ci min rai shi ne inda katakon kirkin ya tafi. Madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira kosso, an yi ta sare ta a dazukan Taraba da Adamawa ana lodawa zuwa Sin, inda ake ƙera kayan alfarma da ita. Sai da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Can Sin jikoki za su gaji kujerar, mu nan muna sayen dusa.

Ba cewa nake a koma daji da zarto ba, abin da ya rage bai kai ba. Amma tsohon gadon maɗaci da ke jingine a ɗakin ajiya, a kankare shi a sake masa fenti, zai binne sababbi uku. Kujerar da ƙashinta ke da ƙwari, soso da yadi kawai take nema, kuma kafintan unguwa ya iya. Matsalar dai wace uwa ce za ta yarda a ce gyararre ta kai wa 'yarta, alhali dangin miji na nan tafe ranar jere.