Keke a Jikin Bango

Wanda ya ratsa Birnin Zariya wajen 1960, in ya ɗaga kai ya dubi fuskar zaurukan attajirai, zai ga dagi da reshe da ganye da jinjirin wata, sa'an nan a tsakaninsu ga keke, ko mota, ko jirgin sama, duk magina sun fitar da su da laka ko siminti. Wani Bature, Kirk-Greene, ya rubuta littafi a kan gidajen nan a 1963.

Akwai masu cewa keke ya ɓata zanen iyaye da kakanni. Wannan magana tana bukatar gyara. Zanen bango tun asali shela ne, yana gaya wa mai wucewa matsayin maigida. Inda a da aka zana takobi, ɗan kasuwa ya sa abin hawansa. Watau sana'ar ba ta saki hanya ba, arzikin gari ne ya sake kama.

Abin dubawa shi ne yadda aka yi aikin. Gwanin magini yakan murɗa ƙafar keke ta bi lauje-laujen dagi, ya sa reshe ya kewaye ta, har ido ya tashi daga ganye ya sauka kan ƙarfe bai yi tuntuɓe ba. Da hantsi, sa'ad da rana ta bugi bangon a karkace, inuwa takan cika ramukan zanen, daji da birni su zama abu guda. Wanda bai ƙware ba kuwa sai ya dasa mota ita kaɗai a tsakiyar bango, ya lafta mata fenti, ta zauna kamar baƙon da ba a yi wa maraba ba.

Siminti ma ya kawo nasa. Ya fi makuba da laso jure damina, amma yana saurin bushewa, ba ya ba hannu sararin lallaɓa layi kamar laka.

Da yawa daga gidajen nan sun rushe, bulo ya maye gurbinsu. Saboda haka, mai karatu, in akwai irin wannan bango a unguwarku, lalle ya kamata a nemi magini ya gyara shi kafin ruwan sama ya wanke tarihin.