Tsinken Ƙarfen da Ke Yi wa Dutse Gurbi

Zinariyar da ake haƙowa a ramukan Dareta, ƙasar Anka, tana barin ƙauye ne a ɗan dunƙule. Kafin nan an fasa dutse da guduma, an niƙa, an wanke garin, an kama ƙurar zinariyar da zaiba, an ƙone. Wannan niƙan da aka riƙa yi a tsakar gida shi ya baza gubar dalma da ta kashe yara kimanin 400 a 2010, a Dareta da Abare da 'Yargalma ta Bukkuyum da wasu ƙauyuka. Maƙerin fari ma yana gudun dalma, da nasa dalilin: kaɗan daga cikinta ya isa ya sa zinariya gautsi, ta riƙa tsagewa. Sai an tace zinariyar, an gauraya ta da azurfa da tagulla ta koma karat 21 ko 18, sannan a zo maganar zobe.

Zoben da za a ɗora wa dutsen ado yana da 'yan farata huɗu ko shida a samansa, su ne za su riƙe dutsen. Amma ba a danna dutse tsakaninsu haka kawai, sai an yanka masa gurbi. Abin yankan wani ɗan ƙarfe ne mai tsawon tsinken ashana, kaurin jikinsa milimita 2.35, kansa kuwa zagaye yake da 'yan haƙora. Bari mu kira shi tsinken sassaƙa. Wanda ya taɓa zama gaban likitan haƙori ya san ɗan'uwansa, kuma bai manta da kukansa ba.

Kawunan iri-iri ne. Akwai mai kamar ƙwayar gero, na buɗe rami. Akwai mai siffar faifai biyu da aka kifa wa juna, bakinsa siriri, shi ke shiga cikin farce ya yi tsagi. Akwai mai kamar ɗan ƙoƙo, haƙoransa a ciki, wanda sai ƙarshen aiki ake nemansa.

Maƙerin zai fara auna faɗin dutsen, ya zaɓi tsinken da ya yi daidai da shi ko ya ɗan gaza. Wanda ya fi dutsen girma ɓarna ne, don abin da ƙarfe ya ci ba ya dawowa. Sai ya soka shi a bakin ɗan injinsa, ya dangwala kan a kakin zuma domin santsi, ya taka fedar a hankali kamar tela a kan lanƙwasar wuyan riga. Gaggawa tana kawo zafi. Tsinke in ya yi shuɗi, kaifinsa ya mutu ke nan. Kowane farce ana cin kusan sulusin kaurinsa. In an zarce, farcen zai karye wajen lanƙwasawa. In an gaza, dutsen ba zai zauna ba. Abin da ya fi burge ni shi ne dole tsagogin nan duka su zo a tsayi ɗaya, kuma ido da yatsa ne ke wannan awon. Ya ɗora dutsen, ya leƙa ta gefe da madubin ƙara girma, ya ga yana rawa, ya cire, ya ƙara shafar farce guda sau ɗaya tak. A majalisar bakin titi, masu zaman kashe wando sun shanye buta biyu ta shayi, shi bai ɗaga kai ba.

Da dutsen ya zauna daram, sai ya lanƙwasa faratan a kan ƙugunsa: na gabas, sannan na yamma, na kudu, sannan na arewa, don kada ya karkace. Yanzu ne ɗan ƙoƙon nan zai hau kan kowane farce ya mulmule shi, kada ya kama mayafin amarya. Nan ma da lura, domin ƙarfe yana ƙarzar dutse mai laushi, shuɗin yakutu irin na tsaunin Mambila kuwa shi ke dakushe ƙarfen. Sai ya goga zoben a kan ƙyalle. Zare ko ɗaya ya maƙale, da sauran aiki.

Duk wannan yankan a kan faranti ake yin sa. Da yamma zai ɗauki ɗan buroshi ya share haƙoran tsinken da ƙasan faratan yatsunsa da farantin, ya juye ƙurar a gwangwani ya rufe, har ranar da za ta isa a narka.