Shugaban Makaɗa da Yaransa

'Yan makaranta, wanda duk ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Sarkin Haɗejiya ran hawan Salla ya ji yadda kakaki da algaita da tambari ke tashi tare, kowa na riƙe da nasa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda aka hori yaran har suka kai haka.

Wani Bature, Geoffrey Baker, ya wallafa littafi a 2014 a kan El Sistema, watau tsarin koya wa yara kiɗan taro da José Antonio Abreu ya kafa a ƙasar Benezuwela a 1975. Duniya ta daɗe tana yabon tsarin. Shi kuwa Baker ya ce ya tarar da tsawa, da maimaici na sa'o'i masu yawa, shugaba ya zama kamar hafsan soja, yaro ba shi da ta cewa. A ganinmu ya tsananta a wasu wurare, gama yara da dama sun sami sana'a ta wannan hanya. Amma fa tushen maganarsa gaskiya ne.

To, ku saurari Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Shi kansa da amshi ya fara, a bayan mahaifinsa da wansa. Da ya zama shugaba, sai ya ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci ma su yi ƙari. Wanda bai amince da yaransa ba, ina zai yarda ya sakar musu rabin magana a gaban sarki? Ga kuma Daudun Kiɗi, mataimakin da ake renonsa domin ya riƙe ƙungiya wata rana. Ba mu ce gidajen makaɗanmu babu faɗa ba. Akwai yaron da kan shekara yana ɗaukar kaya kawai, kuma wanda bai gada ba yakan sha wuya kafin a ba shi wuri.

Malamin da aka danƙa wa ƙungiyar makaɗa ta makaranta, shi kuwa ya dubi mai algaita. Sai ya cika kumatu da iska, yana shaƙa ta hanci, sa'an nan busa ke tafiya ba yankewa. Yaron da aka daka wa tsawa numfashinsa ke fara sarƙewa, in ya sarƙe kuwa algaita ta yi shiru.